Filin Tambaya da Amsa: Kogi, Daji da Wurin Kiwo Suna da Nasu Lissafi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga batu guda, wato yadda za a ci moriyar albarkatun ƙasa ba tare da an ƙarar da su ba. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita tambayoyin domin amsa ta sami wuri, kuma ina neman afuwar waɗanda ba su ga tasu ba a wannan karo.

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki. An koyar da mu cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, kamar wurin kiwo ko tafkin kifi, ƙarshensa lalacewa ne, domin kowa zai yi rige-rigen ɗiba kafin ɗan'uwansa. An ce mafita biyu ce kawai: ko gwamnati ta karɓe shi, ko a yanka shi a sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Shin haka abin yake? Daga wani ɗalibi.

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Abin da aka koya maka yana da asali. A shekarar 1968 wani masanin halittu ɗan Amurka mai suna Garrett Hardin ya wallafa wata maƙala da ta yi tashe ƙwarai, inda ya buga misali da filin kiwo da kowa ke da damar shiga. A lissafinsa, duk makiyayin da ya ƙara saniya ɗaya shi kaɗai zai ci ribarta, amma ɓarnar da ƙarin bakin zai yi wa ciyawa za ta rarrabu a kan kowa, saboda haka kowa zai yi ta ƙari har filin ya koma faƙo. Lissafin ya tsaya da ƙafarsa a wurin da babu iyaka, babu mai tsaro, kuma masu amfani da wurin ba sa zama su yi magana da juna. Tsakiyar teku, inda babu ƙasar da ke da iko, ta daɗe a cikin irin wannan hali. Kuskuren da aka tafka shi ne ɗaukar cewa duk dukiyar tarayya haka take, alhali abin da ba shi da mai shi daban, abin da wata jama'a sananna ta mallaka tare kuma daban.

Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Elinor Ostrom, malamar jami'a a Amurka, wadda ta tattara labarin wuraren kiwo, dazuzzuka, magudanan ban ruwa da wuraren kamun kifi daga sassan duniya, ta fitar da littafinta a 1990, kuma a 2009 ta zama mace ta farko da aka ba lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki. Daga cikin misalanta akwai wanda nake so ka riƙe da kyau. A ƙauyen Törbel da ke tsaunukan Suwizalan, mutanen garin sun rubuta yarjejeniyar tarayya a kan wurin kiwonsu da dajinsu tun 1483, sannan a 1517 suka kafa dokar cewa babu wanda zai kai shanu kan tsauni a lokacin kiwo fiye da adadin da zai iya ciyarwa da busasshiyar ciyawarsa a lokacin hunturu. Duba hikimar da ke ciki. Dokar ba ta ambaci wani adadi ba, ta ɗaure yawan shanu ne da abin da ƙasar kanta ke iya fitarwa, kuma tun da kowa yana ganin rumbun ciyawar maƙwabcinsa, yin ha'inci yana da wuya. Wanda ya saɓa a ci shi tara. Wannan tsauni ya shafe ƙarnuka ana kiwo a kansa bai ƙare ba.

Haka kuma a Balansiya ta ƙasar Sifaniya, manoman da ke shayar da gonakinsu daga kogin Turia suna da kotun ruwa wadda har yau take zama kowace Alhamis da tsakar rana a bakin ƙofar babbar majami'ar birnin. Alƙalanta takwas ne, manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, ɗaya daga kowane babban magudani, kuma da baki ake shari'ar, a yanke hukunci nan take. Rabon ruwan ma kaso ne na abin da kogin ya kawo, don haka idan kogi ya ja baya rabon kowa ya ja baya tare. A tarihin Musulunci kuwa akwai hurumin kiwo da ake kira hima. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza, kuma littattafan hadisi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya umarci mai tsaron hurumi da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya hana garkunan manyan attajirai, da hujjar cewa attajiri yana da gonar da zai koma wa idan dabbobinsa sun halaka, talaka kuwa ba shi da ita. Ka ga a nan an haɗa iyakance yawan baki da adalci wajen rabo, kuma a ganina dokar da ta rasa ɗayansu ba ta daɗewa.

Abubuwan da Ostrom ta tarar suna maimaituwa a wuraren da suka ɗore ba su da sarƙaƙiya. An san iyakar wurin, an san masu haƙƙi a cikinsa, dokar ta dace da yanayin wurin, waɗanda take hawa kansu suna da baki wajen gyara ta, masu sa ido daga cikinsu suke ko kuwa su ne ke iya sauke su, horo yana farawa da sauƙi ya yi tsanani ga wanda ya maimaita, akwai wurin sasanta rikici mai arha kuma a kusa, sannan hukuma ta sama ta amince da haƙƙinsu na tsara wa kansu doka.

Game da karɓewar gwamnati, ƙasar Nefal ta gwada. A 1957 ta mayar da dazuzzuka mallakar hukuma, mutanen karkara suka daina kallonsu a matsayin nasu, ma'aikatan gandun daji kuma ba su da yawan da za su tsare tsaunukan, sara ya ci gaba. Da dokar 1993 aka miƙa kula da dazuzzuka da yawa ga ƙungiyoyin masu amfani da su, kuma nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa daji ya tashi daga kimanin kashi 26 cikin 100 na faɗin ƙasar a 1992 zuwa kimanin kashi 45 a 2016. Ƙaurar matasa zuwa neman aiki a waje ta taimaka wajen rage matsi a kan dajin, gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba, amma ba ta soke gudummawar ƙungiyoyin.

Malam, barka da aiki. Na yi shekaru ina aikin gwamnati kafin na yi ritaya, kuma abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ƙasashen da ke da masana, da na'urori, da alƙaluma, da dokar ƙayyade abin da za a kama, su ma sukan wayi gari kifinsu ya ƙare. Idan ilimi bai hana ba, me zai hana? Daga wani dattijo.

Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tambayarka ta taɓa wurin da ya fi yi mini ciwo a wannan batu, kuma zan amsa ta da labarin kifin da ake kira kod a gaɓar tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, domin duk abubuwan da ka lissafa suna nan, kuma duk da haka aka yi asarar.

Kusan shekara 500 ana kamun wannan kifi a wurin da ƙananan jirage da ƙugiya da tarko. Daga shekarun 1950 manyan jiragen da ke jan koma a ƙasan teku, suna gyara kifi suna daskarar da shi a cikinsu, suka shigo daga ƙasashe daban-daban, har kamun shekarar 1968 ya kai kimanin tan 810,000. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200 cikin teku, ta rage jiragen baƙi, ta shiga ƙayyade adadin kamu a kowace shekara bisa shawarar masananta, ta kuma gina nata manyan jiragen. A ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan kamun kifi ya sanar da rufe kamun baki ɗaya, domin kifin da ke hayayyafa ya ragu zuwa kusan kashi 1 cikin 100 na yadda yake a da. Mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a. An ce rufewar ta shekara biyu ce, sai ga shi ta kai shekara 32, kuma da aka sake buɗewa a 2024 tan 18,000 kawai aka yarda a kama.

Kuskuren farko a wajen awo yake. Masu ƙiyasi sun dogara sosai da yawan kifin da manyan jirage ke samu a kowane jan koma, suna ɗaukar cewa idan koma tana cika to teku a cike take. Amma wannan kifi garke yake yi, kuma idan ya ragu sauran sukan tattaru wuri ɗaya, jiragen kuma suna da na'urar gano garke a ƙarƙashin ruwa. Sai ya zama koma tana cika har zuwa garken ƙarshe. Mutum zai iya kwatanta shi da mai ɗibar hatsi ta ƙofar ƙasan rumbu, wanda kullum zai ga hatsi yana zubowa yadda ya saba, ba zai san rumbun ya kusa ƙarewa ba sai ranar da ya ƙare.

Kuskure na biyu shi ne rashin sauraro. Tun tsakiyar shekarun 1980 masuntan bakin gaɓa, masu kafa tarko a wuraren da iyayensu suka kafa, suke kukan cewa kamunsu yana raguwa kuma kifin da suke samu ƙanana ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma an ɗauki maganarsu a matsayin labarin baka wanda bai kai a sa shi cikin lissafi ba. Ƙanƙancewar kifi kuwa babbar alama ce, domin kifin wannan yanki sai ya shekara biyar zuwa bakwai kafin ya fara hayayyafa, kuma tsohuwar mace babba tana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na ƙaramar da ta fara. Idan aka kwashe manya, an kwashe iri, ko da nauyin abin da ya rage a ruwa yana da ɗan auki a takarda.

Na uku shi ne wanda kai da ka yi aikin hukuma za ka fi kowa ganewa. A ƙarshen shekarun 1980 masana sun gano cewa ƙiyasinsu ya yi yawa, suka ba da shawarar a rage kamu da kusan rabi, amma gwamnati ta rage kaɗan, saboda tsoron rufe masana'antun sarrafa kifi da garuruwa suka dogara da su. Ba na raina wannan tsoro, rayuwar iyalai ce a ciki. Sai dai asarar da aka guje wa a lokacin ta dawo bayan shekara uku ta ninka.

Akwai kuma tunanin da ke ƙarƙashin duka, wato cewa ana iya lissafa mafi yawan abin da za a ɗiba kowace shekara har abada, sannan a tsaya daidai kan wannan layi. Teku ba ta kawo abu ɗaya kowace shekara. Ƙasar Peru ta kama ƙananan kifin da ake kira anchobeta fiye da tan miliyan 12 a 1970, sai ɗumamar ruwan teku da ake kira El Nino ta zo a 1972 ta tarar da kifin da an riga an matse shi, kamun ya rushe na tsawon shekaru. Wanda ya tsaya a bakin gaɓa daidai, mummunar shekara ɗaya ta isa ta tura shi. Abin da zai hana, Baba, shi ne a bar rata mai faɗi tsakanin abin da ake ɗiba da abin da ake zaton za a iya ɗiba, a auna dukiyar da hanyar da ba ta dogara da masu cin ribarta ba, a shigar da shaidar masu sana'a cikin awon, kuma a amince tun ana zaune lafiya cewa idan awo ya sauka ƙasa da wani mataki za a rage kamu kai tsaye, ba sai an koma teburin ciniki a lokacin da kowa ke cikin firgici ba.

Ina koyar da yara a makarantar firamare. Ina yawan jin ana cewa a yi doka bisa fahimtar alaƙar halittu da muhallinsu. Ina so a yi mini bayani da misali, domin ban ga haɗin tsuntsu ko ƙwaro da aikin mai mulki ba. Daga wata malama.

Malama, sannu da ƙoƙari. Haɗin shi ne cewa kowace halitta tana yin wani aiki da wani ke cin moriyarsa bai sani ba, kuma yawanci ba a gane aikin sai an rasa mai yinsa. Mai mulkin da ya sa hannu a kan takardar da ta shafi abu ɗaya, a haƙiƙa ya taɓa duk abin da ke ci daga gare shi da duk abin da shi yake ci.

A 1958 gwamnatin ƙasar Sin ta ƙaddamar da yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Laifin gwara shi ne cin hatsi. Aka fito da jama'a suna buga kwanoni da ganguna don hana tsuntsayen sauka har su faɗo saboda gajiya, ana farfasa sheƙunansu. Abin da ba a sa a lissafi ba shi ne gwara tana cin ƙwari, musamman lokacin da take ciyar da 'ya'yanta. Fari da sauran ƙwarin gona suka yi yawa, kuma a 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo a madadinta. Yunwar da ta halaka miliyoyin mutane a ƙasar tsakanin 1959 da 1961 tana da dalilai da dama da suka fi wannan girma, amma wannan ya ƙara mata nauyi. Garin gyaran gira aka taɓa ido.

Misali na biyu ya fi kusa da zamaninmu. A shekarun 1990 ungulayen Indiya, Pakistan da Nefal suka shiga mutuwa, har wasu nau'o'i uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, ba a san dalili ba sai a 2004 da aka tabbatar cewa wani maganin rage zafi da kumburi mai suna diklofenak, wanda ake yi wa shanu allurarsa, shi ne ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen dabbar. Hukumar da ta ba da izinin maganin, lafiyar shanu kawai ta duba, kuma babu wanda ya ɗora mata alhakin duba ungulu. Da ungulu ta ɓace, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, haɗarin cutar haukan kare ya ƙaru tare da su. A 2006 ƙasashen uku suka haramta amfani da maganin ga dabbobi, aka kuma sami wani mai suna meloksikam wanda ba ya cutar da tsuntsun. Amma ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka abin da aka rasa cikin shekara goma zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo.

Na uku yana nuna cewa wannan fahimta takan kasance a hannun manoma tun kafin masana su ba ta suna. A tsibirin Bali na Indonesiya, ƙungiyoyin manoman shinkafa da ake kira subak sun daɗe suna tsara lokacin shuka tare. Idan gonakin yanki guda suka huta lokaci ɗaya, ƙwarin shinkafa sai su rasa abinci su ragu, idan kuma yankuna suka saɓa lokacin shuka da juna, ruwan kogi sai ya ishi kowa, kuma jadawalinsu yana daidaita waɗannan buƙatu biyu ne. A shekarun 1970 hukuma ta matsa a bar jadawalin, kowa ya yi ta shuka sabon iri ba hutu don a ƙara yawan amfani. Ƙwari da cutar shinkafa suka ɓarke, rabon ruwa ya rikice, daga baya aka koma ga tsarin manoman. Wannan shi ne misalin da zan so ki ba yaranki, domin yana koya musu su tambayi dalilin tsohon tsari kafin su rushe shi.

Shin dasa itatuwa da yawa ba zai magance matsalar ba gaba ɗaya? Daga wani mai karatu.

Ɗan'uwa, dasa itace alheri ne a inda daji yake a da kuma da irin da ya dace da wurin, amma ba kowane fili ne daji ya ɓace daga gare shi ba. Filin ciyawa ma muhalli ne mai halittunsa, kuma itacen da aka kawo daga wata nahiya yana iya shanye ruwan da rafuka ke rayuwa da shi. Afirka ta Kudu tun 1995 take da shiri na musamman da ke ɗaukar mutane aiki don sare baƙin itatuwa irin su turare da wasu da aka shigo da su daga Ostireliya da Turai, saboda sun mamaye tsaunukan da ruwan birane ke gangarowa daga cikinsu. Sannan adadin da ya kamata a tambaya shi ne nawa suka rayu bayan shekara biyar, da kuma wa ke da haƙƙin amfaninsu, domin shukar da ba ta da mai ita ba ta samun mai ba ta ruwa.

Malam, ni manomiya ce mai noman ban ruwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙarewa kuwa, ko damina tana mayar da shi? Kuma idan an riga an yi ɓarna, ana iya gyarawa? Daga wata Hajiya.

Hajiya, Allah Ya yi wa noma albarka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa iri biyu ne. Akwai wanda ruwan sama ke tsatsafowa ya cika shi kowace shekara, wannan kamar riba yake, ana iya cin abin da ya shigo a bar uwar kuɗi. Akwai kuma wanda ya taru tun dubban shekaru, lokacin da yankin ke samun ruwan sama fiye da yanzu, kuma abin da ke shiga cikinsa a yau bai taka kara ya karya ba. Wannan hukuncinsa hukuncin ma'adini ne, abin da aka ɗiba ya tafi. Saudiyya ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1980 ta tallafa wa noman alkama a hamada da ruwan rijiyoyi masu zurfi har ta wadatu ta kuma shiga sayarwa waje, amma ruwan ya yi ƙasa sosai, a 2008 ta yanke shawarar janye tallafin sannu a hankali, shirin ya kai ƙarshe a 2016.

Ko inda ruwan ke dawowa, wahalar ita ce ba a ganinsa, kuma rijiyar burtsatsen maƙwabci da taki daga tafki ɗaya suke sha. Alamomin da za ki lura da su sanannu ne: ana ƙara wa rijiya zurfi shekara bayan shekara, injin yana ɗaukar lokaci fiye da da kafin ya cika kwami, ruwan yana sauya ɗanɗano zuwa gishiri-gishiri. Shawarata ita ce masu rijiyoyin yanki guda su riƙa auna zurfin ruwan a rana ɗaya, sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, su rubuta a wurin da kowa zai gani. Idan ruwan bayan damina ba ya komawa inda ya kai bara, ana cin uwar kuɗi ke nan, kuma wannan rubutu shi ne zai sa a iya zama a yi maganar rage faɗin noma ko sauya abin da ake shukawa ba tare da kowa yana zargin kowa ba.

Batun gyara kuwa, labarin tafkin Aral a tsakiyar Asiya yana da amsa mai fuska biyu. A 1960 shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 68,000, kuma koguna biyu ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da ruwansu zuwa gonakin auduga ta magudanan da yawancinsu ba a daɓe su ba, ruwa mai yawa yana tsiyayewa cikin yashi kafin ya kai gona. Tafkin ba shi da mafita sai tururi, saboda haka da shigar ruwa ta ragu sai ya shiga janyewa, gishirinsa yana ƙaruwa har kifi ya mutu. Garin Muinak da ke Uzbekistan, wanda tashar jiragen kamun kifi ce a da, ya koma tsakiyar yashi, jiragensa suna tsatsa a ƙasa, iska kuma tana kwasar ƙurar gishiri da ragowar maganin ƙwari daga busasshen gindin tafkin tana watsawa kan garuruwa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tafkin ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu.

Ƙasar Kazakistan, da rancen Bankin Duniya, ta gina madatsar Kok-Aral mai tsawon kimanin kilomita 13, aka kammala ta a 2005, domin ta tsare ruwan Sir Darya a ƙaramin tafkin arewa maimakon ya malale kudu ya ƙafe. Cikin watanni ruwan ya tashi da mitoci, gishirin ya ragu, kifin ruwan daɗi ya gangaro daga kogi ya sake hayayyafa, masunta suka koma sana'arsu. An yi nasarar ne saboda an fara da tambayar da ta dace: nawa kogin ke kawowa, kuma wane faɗin tafki ne wannan ruwa zai iya riƙewa a gaban zafin rana? Amsar ta nuna cewa ƙaramin ɓangare kawai zai iya riƙewa, aka haƙura da sauran. Babban tafkin kudu, wanda ya dogara da Amu Darya da har yanzu gonaki ke shanye mafi yawan ruwanta, ya ci gaba da janyewa, kuma a 2014 ɓangarensa na gabas ya bushe ƙarƙaf a karon farko a wannan zamani.